Hancin Mai Sabulu

Da tukunya ɗaya ya fara, a bayan ɗakin haya, yana juya mai da soda da guntun katako har fatar hannunsa ta saɓule. Yanzu yana da doguwar rumfa, da injin yanka, da ma'aikatan da ke miƙewa in ya shigo. Amma in ka tambayi masu shaguna abin da ya sa sabulunsa ya fita daban, hancinsa za su ce maka. Daga bakin ƙofa yakan ce man da aka kawo ya sha rana, a buɗe durom a tarar haka ne.

A ƙarshen rumfar akwai ɗakin haɗi, inda yake dafa mai yana gauraya turaruka. Babu mai shiga sai shi. Makullin na rataye a wuyansa, cikin riga. Ma'aikata na cewa rowar sirri ce, shi kuwa ya bar su a haka, domin gara a ce masa marowaci da a gano gaskiya.

Gaskiyar ita ce hancin ya mutu. Wata mura ce mai zafi ta kwantar da shi bara, ta tafi da ƙamshin duniya gaba ɗaya. Ya shinshina turare, ya shinshina fetur, ya shinshina wuyan jikansa, duk ruwa. Tun daga nan da hannu yake haɗi, hannun da ya haddace awo. In ya fito da sabon zubi sai ya miƙa wa Dogo, tsohon ma'aikacinsa, ya haɗe rai.

"Me ka ji?"

"Oga, kullum sai ka yi mini jarrabawa? Lemun ya ɗan yi yawa."

"Ashe dai kana koyo," in ji shi. Ya koma ciki ya rage lemun.

Sai ga wata mata mai jerin manyan shaguna ta zo da tayi. Tana son sabulu mai yawa, kuma da sababbin ƙamshi waɗanda babu su a kasuwa. 'Yarsa, wadda ma'aikata ke kira Manaja shi kuma yake kira Uwata, ta tsara komai: a kama rumfar maƙwabta, a ƙara tukwane, a sa mutum biyu su taya shi haɗi.

"A'a," in ji shi. "Wanda ya haɗiyi taɓarya a tsaye zai kwana."

"Baba, kai da ka sayar da kekenka ka sayi durom, yau kai ke tsoron girma?"

"Girman da ba a shirya ba kumburi ne."

Kowane mako da sabon dalili. Yau wuta ba ta tsayawa, gobe ma'aikatan zamani ba su da amana. Bai taɓa faɗin na gaskiyar ba: hannu yana iya maimaita tsohon ƙamshi, amma ba ya ƙirƙiro sabo. Ranar da wani ya tsaya kusa da shi a ɗakin nan, ranar za a san cewa Mai Sabulu suna ne kawai ya rage. In yana aske gemu yakan tsura wa hancin ido a madubi, kamar mai kallon abokin da ya ci amanarsa.

Matar ta gaji da jira, ta ce za ta zo ta ji amsa da kunnenta. Da hantsi ta iso, lokacin ya ɗora mai a wuta. Jin muryarta ya sa ya fito a gaggauce, ya kulle ƙofa, zuciyarsa na kan ƙaryar da zai shirya mata. Suka zauna a ofis, har da 'yarsa, bango ɗaya tsakaninsu da ɗakin haɗi, Dogo na tsaye a bakin ƙofa.

Ya fara jawabi. Ya ce sana'a kamar goyo ce, ba a ba kowa. Ya ce hancin nan, ya taɓa shi da yatsa, shi ne kamfanin, kuma hanci ba ya rabuwa biyu.

Matar ta yamutsa fuska. Ya ɗauka maganar ce ba ta yi mata ba, ya ƙara murya. Dogo ya waiga hagu, ya waiga dama. 'Yarsa kuwa ba ta waiga ko'ina ba. Shi take kallo, kallon da bai taɓa gani a idonta ba.

"Hancina bai taɓa yi mini ƙarya ba," in ji shi.

"Oga," Dogo ya ce a hankali, "ba ka ji ba?"

Tambayar da yake yi wa mutane ce ta dawo masa. Ya dubi fuskokinsu yana neman amsa, kamar yadda ya saba, sai ya ga tsoro. Can, ta ƙofar ofis, ya hangi hayaƙi, baƙi, yana silalowa ta ƙasan ƙofar ɗakin haɗi. A bayan ƙofar nan akwai tukunyar gas da kwalaben turare jere a kan kanta.

Ya miƙe, amma bai nufi ƙofar ba. Hannunsa ya kama makullin ta saman riga ya damƙe. Ko a wannan lokacin, wani abu a cikinsa cewa yake kada a shiga.

"Baba, makulli!"

Ba ta jira ba. Ta fizgi igiyar har ta ƙuje masa wuya, ta jefa wa Dogo. Ƙofa ta buɗe, zafi ya bugo su. Dogo ya rufe hanci da riga, ya kashe gas, ya kifa murfi a kan tukunyar man da harshen wuta ya fara lasa. Ma'aikata suka yi ta tari suna kwaso yashi. Shi kaɗai ne a rumfar bai toshe hanci ba, kuma kowa ya gani.

Da komai ya lafa, ya zauna a kan durom. 'Yarsa ta durƙusa gabansa.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun da girkin Mama ya kama ka cinye ba ka yi mita ba."

"Kika yi shiru."

"Jira nake ka faɗa." Ta sunkuyar da kai. "Kuma na san in ka faɗa, ɗakin zai dawo hannuna. Ban so a ce ni na tura ka."

Bai tambaye ta ko ta so hakan a ranta ba. Ya ji tsoron amsar.

Matar tana tsaye a waje tana kaɗe mayafinta. Ya aika a ce mata an amince.

An kama rumfar maƙwabta. An cire ƙyauren ɗakin haɗi gaba ɗaya. Yanzu yana zama a kujera daga bakin ƙofar, yana faɗin awo da ka, 'yarsa da Dogo suna shinshinawa. In sun gama sukan juyo su dube shi, ya gyaɗa kai kamar ya ji. Jiya sun haɗa wani sabon ƙamshi, suka yi dariya, suka zuba a mazubi. Babu wanda ya juyo.