An kife jirgina da kwando

Jama'a, daga zauren mutane nake rubuto muku, kuma an ce ba inda za ni.

Kun san ɗan jirgin nan mara matuƙi da na sayo a Zariya. Da hantsi na tayar da shi a Dandamisa don in ɗauki hoton rakenmu. Iska ta kwashe shi, ya faɗa tsakar gidan wani dattijo, Malam Iro. Mata suka sa ihu.

Na bi shi da gudu. Ban ma lura da "ba shiga" ba, sai da aka riƙo rigata a zaure.

Malam Iro ya ce, "Yaro, iyalina kake leƙe ta sama?"

Na ce, "Wallahi Baba, rake nake ɗauka."

Shugaban 'yan sintiri ya iso, ya ce, "Ina takardar rajistarsa?" Na miƙa rasit. Ya ce, "Wannan na kanti ne, ta gwamnati nake nufi. In babu, wa ya san ko ɓarayin daji kake wa aiki?"

Na buɗe fom a waya zan cike, ashe sai da lambar da ke jikin jirgin!

Na ce a miƙo shi in duba. Malam Iro ya ce ba ya fitowa sai ya ga takarda. Na ce to a karanto min. Ya ce ba mai taɓa abin da ke da ido.

Ga la'asar ta yi. Ni ina kan tabarma, shi kuma an kife shi da kwando, an ɗora turmi a kai.