Minti Arba'in da Biyar da Na Ƙara

Wallahi abin da zan ba ku labari ni ya faru da ni, shekarata ta uku ina karatu a Alƙahira, muna zaune a unguwar Hayyus Sabi'i, bene na shida.

Ni ba mai yawan magana ba ne, sai karatu, kuma ina da wani littafi da nake rubuta lokutan da tashar sararin samaniya ke giftawa ta saman gari, don ana ganinta da ido bayan magariba kamar tauraro mai tafiya. Idan kamfani ya harba kumbon dakon kaya, mai kai wa 'yan sama jannati abinci da ruwa, kafin ya manne da tashar sai ka ga haske biyu, ƙarami na bin babba.

Abokin ɗakina Bashir ni na koya masa duk wannan, amma shi Allah ya ba baki. Ina ji ina gani ɗalibai suka fara kiransa Shehin Falaki, ni ko sunana ba a ambata. Abin ya ci ni, ba zan ɓoye muku ba.

Rannan ya gayyato mutum kusan ashirin su hau rufin bene su ga kumbon, ya ce mini, "Ustaz, yalla, maza duba mana littafin nan naka, ƙarfe nawa?"

Na duba, na ƙara minti arba'in da biyar a kai, na faɗa masa. Na san a lokacin tashar ta kai can ɗaya gefen duniya, so nake ya yi ta nuna sama babu komai, a yi masa dariya.

Da ainihin lokacin ya yi na hau ni kaɗai, na ga hasken biyu sun wuce sun ɓace ta gabas. Khalas, shi ke nan. Na zauna jiran su.

Suka hau da shayinsu, Bashir ya duba agogo, ya ɗaga yatsa. Sai kawai na ji kabbara! Kowa na nuna wuri ɗaya, kawunansu na juyawa tare a hankali, har bawwabi, wato mai gadin gidan, wani dattijo ɗan Masar, yana cewa ga ƙaramin nan a baya. Na duba, na goge tabarau, na sake dubawa. Wallahi tallahi ban ga komai ba.

Bashir ya kamo hannuna ya ce, "Jama'a, ba ni ba ne, ga mai lissafin nan. Yau dama na tara ku ne ku san shi, bai taɓa kuskuren minti ɗaya ba."

Shekara huɗu ke nan, lissafina na nan daidai, ina faɗar lokaci mutane su gani, ni kuwa ban sake ganin tashar nan ba ko sau ɗaya. Likitan ido ya ce lafiyata ƙalau.

Abin da suka gani ranar, har yau ban sani ba, kuma Bashir bai san abin da na yi ba. Ku dai idan ɗan'uwa ya tambaye ku lokaci, ku faɗa masa na gaskiya.