Laka a Jikin Hano

Kakata, Iya Dije, ba haifaffiyar birni ba ce. Daga ƙasar duwatsu ta kudancin Katsina aka kawo ta Ƙofar Marusa, kuma har ta rasu ba ta daina raina ganyen kasuwa ba. Da an sauke tuwo, sai mu kewaye murhunta, tana gasa mana gyaɗa a toka.

"Kai angona, rufe bakin nan," ta kan ce mini. "Labari ta kunne shike shiga."

Wanda ya fi zauna mini shi ne na Larai, wata mata da ke zaune a gindin dutse. Ɗiyarta ɗaya tak ta kwanta da gudawa, har idanunta suka faɗa. Larai ta hau dutse wuni guda kafin ta iske hano, bishiyar maganin nan mai saɓar fata da ke tsirowa a tsagin dutse. Hano ya ce mata, "Sassaƙi gefe guda, ki bar mini guda, ki shafe mini ciwon da laka."

Ta yi hakan, ta dafa ɓawon, ɗiya ta miƙe. Amma hawan ya ba ta wuya, sai ta koma ta saɓule ɓawon kewaye da bishiyar don ta ajiye. Gara ta cinye ajiyar. Da damina ciwon ɗiyar ya dawo, ta sake hawa, ta tarar hano ya bushe ƙayau.

A nan Iya kan tsaya ta gyara itace, mu kuwa kamar mu yi kuka.

"Iya, ta mutu?"

"Mi kake gaggawa? Kai ka haife ta?"

Larai ta zaga bayan dutse tana kuka, sai ga wani hano ɗanye, da tsohon tabo a gefe guda, busasshiyar laka manne a kai. Wani ya taɓa ɗiba, ya bar saura. Da wannan sauran yarinya ta rayu.

"Wa ya shafa lakar?" na tambaya.

"Oho. Bai tsaya an gode mai ba."

Na yi yawo bayan haka. A duwatsun Oman na ga masu tatsar turaren lubban daga wani icce ɗan'uwan hano, suna yi wa bishiya ƙaramin tsaga, sannan su bar ta ta huta. Wani dattijo ya bayyana mini dalili da Larabci, na ji kamar Iya ce ta sake harshe.

Da ina yaro na ɗauka labarin haɗamar Larai ne. Sai da na tsufa na gane mai lakar nan Iya take nuna mana. Bara wani mai magani ya miƙo mini ɓawon hano a nannaɗe, zagaye cif kamar bututu. Na juya shi a hannu, na mayar masa.

"Alhaji, mai kyau ne fa!"

"Na gani," na ce. "Wanda ya saɓule shi bai bar wa ɗiyar kowa ba."