Jirgin Gombe Ya Bi Ta Abuja

Jama'a, yau da waya a aljihun rigata na yi sallar jana'izar Baffanmu!

Da hantsi Allah Ya yi masa rasuwa a nan Daura. Na kira babban ɗansa, Yaya Sani, yana Gombe.

Ya ce, "Kar ku taɓa kai shi! Na duba a waya, Gombe zuwa Katsina tafiyar awa ɗaya ce a sama. Ku jira ni."

Muka tura mota filin jirgin Katsina. Aka yi wanka, aka sa likkafani. Azahar ta wuce, shiru! Mutane sun cika ƙofar gida, rana tana dukansu. Wayar Yaya Sani kuma a kashe.

Liman ya jawo ni gefe. "Malam Habu, ba a ajiye gawa haka. Zafin nan ka gan shi."

Na ce, "Allah gafarta Malam, minti goma."

Sai ga kira. Yaya Sani ne.

"Habu, ina Abuja!"

"Abuja kuma?!"

Ashe awa ɗayan nan miƙaƙƙen layi ne a taswira. Babu jirgin da ke bin sa. Sai an sauka Abuja, na Katsina kuma sai gobe!

Ya ce, "Ku sallace shi. Amma kar ka kashe wayar."

Haka ya ji kabbara huɗu daga aljihuna. A makabarta na ɗaga wayar, sai na ji ya ce, "Habu, ka zuba ƙasa sau biyu. Ɗaya tawa ce."