Mutanen Duhu

Shekarar da ruwa ya ƙi sauka karo na biyu a jere, ina koyarwa a wata firamare a Isa, ina kuma shirin wata jarrabawa da ake karatunta ta gidan waya. Cikin darussan da na zaɓa har da tarihin adabin Ingilishi. Ba wanda ya sa ni. Girman kai ne kawai, ina son a ce ɗan gidanmu ya san abin da ko hedimasta bai sani ba. Aka aiko mani da littafi mai kauri, mai jan bango, kowane shafi da fili fari a gefe kamar an bar wa awaki hanya.

Da aka yi dogon hutu na ɗaure shi a bayan keke na nufi ƙauyenmu, kusa da Gangara a ƙasar Sabon Birni. Lokacin ya kamata a ce gero ya wuce gwiwa. Na tarar an yi shuka sau biyu, sau biyu tana ƙonewa. Mazan unguwarmu da yawa sun yi kudu neman abin kai wa baki. Mata na jiƙa 'ya'yan anza kwana da kwanaki don ɗacin ya fita a samu na ci.

Kawuna, yayan mahaifiyata, makaɗin noma ne. In an yi gayya, wato an taru a gonar mutum ɗaya a nome ta a wuni, shi ke bin bayan manoma da ganga yana kiran kowa da kirarinsa, da na ubansa, da na kakansa, har ka ga dattijo ya manta da ciwon baya yana tsere da samari. 'Yan amshinsa uku ne. A shekarar nan biyu sun yi kudu, ɗaya ya haura Nijar wajen dangin matarsa. Gangar na rataye a rumfa, fatarta ta saki.

Akwai tsohuwar gardama tsakanina da shi. Tun ina makarantar horon malamai nake roƙonsa ya bar ni in rubuta waƙoƙinsa, yana ƙi. “Waƙa ba akuya ba ta, malam, da za ka ɗaure ta ga turke,” haka yake ce mani. Malam ɗin nan kuwa ba don girmamawa yake kira na ba, ni ma na sani.

Wata rana bayan la'asar ina zaune a gindin bedi, wato bishiyar dogon yaro, a ƙofar gida da littafin, ya zo ya zauna, don ba shi da wurin zuwa.

“Mi kake karatu haka, goshi ya tattare?”

Na gyara zama. Na ce tarihin waƙa da rubutun Turawan Ingila ne, tun daga wani lokaci da littafin ya kira zamanin duhu har zuwa wanda ya kira zamanin haske.

Kawu ya girgiza kai. “Allah sarki. Ashe su ma sun ga hwari.”

Sai da na ɗan jima kafin na gane. A wurinmu in an ce gabas ta yi duhu, albishir ne, hadari ya haɗo. Haske kuwa ga shi nan a kanmu, sama tas babu ko gizagizai, wata na biyu ke nan. Kawu ya ɗauka mutanen nan sun yi zamani na ruwa da ƙoshi, daga baya rana ta buɗe musu kamar yadda ta buɗe mana. Na yi dariya har da buga cinya. Na bayyana masa cewa duhun na rashin karatu ne, hasken na ilimi da aiki da hankali. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “To. Amma ni dai mutanen duhun nan sun hi kwanta man a rai.”

Daga ranar ya zama kullum bayan la'asar sai ya zo, ni in karanta in juya masa da Hausa, shi ya yanke hukunci. Na gaya masa yadda wasu mayaƙa suka ƙetaro ruwa suka ci ƙasar, Faransanci ya zama harshen fada, Ingilishi ya koma bakin talakawa. Wannan ya yi masa daɗi ƙwarai. “Hwaransa ta taɓa su su ma? Ai sai su zo Maraɗi a yi musu jaje.” Na gaya masa zuwan injin buga littafi, ya ce wannan turke ne babba. Na gaya masa zamanin gidajen wasan kwaikwayo, da yadda aka yi yaƙin basasa masu tsananin addini suka rufe su, ya ce ya san irinsu, akwai guda biyu a unguwarmu. Da muka kai zamanin hasken, inda marubuta ke zama a shagunan shan gahawa suna gardama suna buga jaridu, sai ya tambaye ni da gaske, “Duk suna zaune? Wa ka yi musu noma?” Na duba littafin ciki da bai, bai faɗa ba.

Amma kullum sai ya maido ni babin farko. Can ne aka yi maganar mawaƙan da ke tsayawa a zauren sarakuna da wani abin kiɗa mai tsirkiya, suna kiran jarumai da kakanninsu, duk da ka, babu takarda.

“Mi as sunansu?”

Na ce galibinsu ba a sani ba.

“Waƙoƙin hwa?”

Na ce yawanci sun ɓace. 'Yan kaɗan da suka rage, wasu malaman addininsu ne suka rubuta a fata, wasu ma wuta ta ci gefensu.

“'Yan amshinsu ina sunka tahi?”

Wannan ma littafin bai faɗa ba. Kawu ya kalli rumfar da ganga ke rataye, ni kuma da wautata na wuce babi na gaba.

Ana haka wata safiya wani maƙwabcinmu ya ɗaure kayansa a kan jakuna biyu, zai tafi kudu da iyalinsa gaba ɗaya. Mahaifinsa, kafin ya rasu, shi ne manomin da ba a taɓa wucewa a kunyar gona ba a duk yankinmu. Ya tsaya ƙofar gidanmu yin sallama, ya durƙusa gaban Kawu ya ce, “Baba, ka yi man kirarin tsohona sau guda in tahi da shi.”

Kawu ya miƙe, babu ganga, ya ɗaga murya. Muryar na nan yadda na san ta. Ya kira marigayin, ya kira gonarsa ta bakin fadama, ya kai gaɓar da 'yan amshi ke karɓa, ya dakata kamar yadda ya saba shekara da shekaru. Ba wanda ya karɓa. Ya waiwayo ya dube ni. Ni da zan iya jero maka zamunan adabin Ingila a jere ba tuntuɓe, ban san amshin waƙar kawuna ba. Da ya buɗe baki zai ci gaba, baitin da ke biye ya ɓace masa. Ya sake farawa, ya sake tsayawa a wuri guda. Maƙwabcin ya yi godiya kamar an yi masa duka, ya kora jakunansa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma tausayin Kawu ya hana ni duban fuskarsa.

Ranar bai zo gindin bedi ba. Washegari da hantsi sai ga shi tsaye a kaina.

“Ɗauko alƙalaminka.”

Ba ni da takarda ko ɗaya, littattafan rubutuna na Isa. Na san in na ce bari in je nema, kafin in dawo ya sake shawara. Na buɗe jan littafin nan na nuna masa filin gefen shafi. Ya ce ya isa, amma kada in fara ko'ina sai wajen mutanen duhu.

Baitin da ya ɓace jiya ya dawo masa, da shi muka fara. Kwana da kwanaki muna yi, yana faɗa ina rubutawa da ƙananan baƙaƙe. Manoman da suka mutu, da waɗanda suka yi kudu, da gonakinsu, da wanda kwasarsa ta noma ta karye a gayya ya ƙarasa kunya da hannu. Muka cika gefen zamanin duhu, muka ratsa Faransawa, muka bi ta gidajen wasa, har muka shiga shagunan gahawa. Nan ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba, ya ce, “To ga manoma mun kawo musu.” In na karanta masa abin da na rubuta sai ya ɓata rai, ya ce ina karanta waƙa awa wasiƙa. Dole ya koya mani amshi, ni kuwa murya ba ta cikin abin da Allah Ya ba ni. Mahaifiyata takan leƙo ta tambaya ko wani ne ba lafiya.

Da muka gama na koma shafin farko na ce zan sa sunansa a sama, don a san mai waƙa.

“Sunan manoma duk ka sa?”

Na ce duk na sa.

“Su waɗancan na hwarko, kac ce ba a san sunansu ba?”

Na ce haka ne.

“To bar ni da abokaina.”

Na yi magiya, ya ƙi. Na rufe littafin raina bai so ba.

Jarrabawar na ci ta da ƙyar, don duk shafin da na tuno, gefensa ke fara zo mani. Ruwa ya dawo daga baya, wasu mutanen suka dawo, da yawa ba su dawo ba, gayya kuma ba ta ƙara komawa yadda take ba. Kawu ya ɗaure fatar gangarsa ya yi 'yan damuna yana kiɗa kafin Allah Ya karɓi abinsa.

Bayan shekaru masu yawa, na riga na yi furfura, wani magidanci ya yi sallama a gidana a Isa, Hausarsa duk ta koma ta kudu. Ɗan maƙwabcin nan ne mai jakuna biyu, a goye aka tafi da shi. Ya zo ganin gonar kakansa, aka ce masa in yana son jin wane ne kakan ya zo wurina. Na ɗauko jan littafin, na buɗe babin duhu, na rera masa da wannan murya tawa, na yi baiti na yi wa kaina amshi, har ƙarshe, har da baitin da mahaifinsa ya tafi bai ji ba. Ya daɗe kansa a sunkuye. Da ya ɗago ya ce, “Baba, wa ya yi waƙar nan?”

Na faɗa masa da baki, don Kawu bai hana ni faɗa ba. Rubutawa ya hana, kuma har yau ban rubuta ba.