Saran Baba a Jikin Tsamiya

Jiya na tsaya gaban tsamiyar gonarmu ta Danwarai, ina duban saran Baba.

Tun yana saurayi, duk shekarar da aka yi ambaliya mahaifina kan sari jikin itacen nan daidai inda ruwa ya tsaya. Tsofaffin saran suna wajen idon sawu. Na bayansu suka hau gwiwa, suka kai ƙugu.

Daminarsa ta ƙarshe, ba a jima da ba mu jihar Kebbi ba, na kai masa fura na tarar yana sara sama da kansa.

Na ce, "Baba, ai ruwa bai kai nan ba."

Ko waiwayowa bai yi ba. "Wanga ba nawa na ba, ɗiyata. Naku na."

Na yi dariya, na ɗauka tsufa ne.

Makon jiya aka wuni ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya tafi da irin albasarmu kaf. Da ya janye, shatin laka yana kwance daidai kan saran nan.

Da na ɗaga kai kuma, sai ga wani tsohon sara a samansa. Ban taɓa lura da shi ba.

Jama'a, ku ma ruwan garinku hawa yake yi?