Ranar da Burushi Ya Ɓoye Rolarsa

A ƙarƙashin gadar sama, inda masu aikin hannu ke zaman jiran a ɗauke su aiki, ba a talla da baki. Kowa ya ajiye kayan sana'arsa a gabansa: magini da cokalin gini, kafinta da zarto, mai fenti da rola a jingine da bokiti. Mai mota ya rage gudu, ya duba kayan, ya nuna wanda yake so. Ko fuskar mutum ba ya kallo.

Nan Burushi ya tsufa. Mai fenti ne, har farcensa ya manta asalin launinsa. A da ba ya wuni a gadar, don rabin shagunan tsohuwar kasuwa hannunsa ne. Sai birni ya yi arziki. Kullum rediyo na cewa an ci gaba, kuma gaskiya ne, ga benaye nan sun tokare sama. Amma duk na gilashi ne, kuma gilashi ba ya shan fenti. Masu jira a gadar suka ninka, har da masu digiri.

Abin da ke cin ransa ba benayen ba ne, taubashinsa ne, Mai Famfo, da ke zaune a damansa. Benen gilashi ma yana yoyo, don haka kafin hantsi an ɗauke Mai Famfo. Ya dawo yana ƙamshin sabulun manya, yana ba da labarin banɗakin da ya fi ɗakin Burushi faɗi. Ya sayi sabon takalmi. Ya mayar da 'yarsa makaranta, ta Burushi kuwa tana gida tana tsintar tsakuwa a shinkafa. In zai tafi sai ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Bawana, riƙe mini wuri." Burushi ya yi dariyar yaƙe. Kishi yake yi, ya kuma sani. Uwar yara ta gaya masa hassada ga mai rabo taki ce, ya ce ai shi ma gona yake nema a zuba masa.

Wata safiya, da aka tafi da Mai Famfo, Burushi ya cusa rolarsa da bokitin a bayan ginshiƙi, ya fito da wata sifanar ɗaure bututu da ya ara, ya ajiye a gabansa. A ganinsa ɗaure bututu ba wani abu ba ne, tunda taubashin nan nasa da ko ƙusa ba ya bugawa daidai ya iya.

Da rana wata farar mota ta zo a hankali. Direban ya bi layin da kallo, ya wuce sifanar, ya dawo, ya sake wucewa. Can ƙarshen layi ya ga rola a gaban wani baƙon mai fenti, ya yafito shi. Burushi ya bi motar da harara, ya ci gaba da goge sifanarsa.

Da la'asar Mai Famfo ya dawo da fara'a, sai ya yi turus da ya gan shi zaune.

"Bawana, me kake yi a nan? Ba su zo ba?"

Mai Famfo ya ce tun watan jiya yake roƙar masa aikin fenti a wurin mai wani bene, don wurin ajiye motocinsa na ƙarƙashin ƙasa siminti ne zalla, ga kuma matakala hawa bayan hawa, aikin da zai kai shi har damina. Yau mutumin ya yarda. Da bakinsa ya kwatanta wa direba: gadar sama, dattijon da rola ke gabansa.

Sai idonsa ya sauka kan sifanar. Bai tambaya ba. Taubashin da bai taɓa barin Burushi ya sha ruwa ba tare da tsokana ba, yau sai ya juya kawai. Ya zagaya bayan ginshiƙin, ya ɗauko rolar da bokitin, ya jingine su a gaban Burushi, ya zauna a damansa.